Masakwa: Dawar da Baba Tsoho Ke Dasawa Bayan Ruwa Ya Ɗauke

Ko yaro a ƙasar Hausa ya san dawa 'yar damina ce. A shuka ta da ruwan shuka, a yi mata firi da maimai, a girbe ta da kaka. Amma wanda ya taɓa bin hanyar da ta fita daga Maiduguri ta Muna, ta ratsa Mafa ta nufi Dikwa da Gamboru Ngala a cikin watan Disamba, musamman a shekarun zaman lafiya, ya ga abin da zai sa shi tsayawa. Hazo ya rufe sama, ciyawa ta bushe ƙamas, ƙasa ta tsage har hannun mutum na shiga, rabon da a ga ɗigon ruwa tun ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ga kuma dawa koriya shar a tsaye iya ganin ido. Babu rijiya a kusa, babu injin ban ruwa. Wannan ita ce masakwa, wadda wasu Hausawa ke kira mazakuwa, dawar rani ta ƙasar Borno. A kanta kakana na wajen uwa, wanda duk gidan muke kira Baba Tsoho, ya ƙarar da ƙarfinsa, kuma da ita ya riƙe gida mai mutum sama da ashirin ba tare da an taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba. Allah ya jiƙansa.

Mahaifinsa mutumin ƙasar Haɗeja ne, cikin masu niyyar hajji a ƙafa da guzuri ya yanke musu a Borno, suka tsaya neman na gaba har zama ya kama su. A wani ƙauye da ke gefen hanyar Dikwa aka haifi Baba Tsoho, ya tashi cikin Barebari da Larabawan Shuwa, yana jin harsunansu, a gonakinsu kuma ya koyi wannan noma. Ya kan ce shi bai ƙirƙiro komai ba, abin da ya gani a hannun dattawa ya riƙe. Haka ne kuwa, domin noman ya girme shi nesa ba kusa ba. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya iso Kukawa a 1851 ya tarar ana noman masakwa, har ya ambace ta a labarin tafiyarsa. A arewacin Kamaru ana ce mata muskuwari, a Chadi kuma berbere.

Sirrin duka yana cikin ƙasar. Mutanen Borno na kiranta firgi: baƙar laka ce mai danƙo, shimfiɗe ba tudu ba kwari. Shekaru dubbai da suka wuce Tafkin Chadi ya kai girman da gaɓarsa ta zo har doguwar jigawar nan da ta taso daga Bama ta ratsa Maiduguri. Da ruwan ya ja baya sai ya bar wannan laka a shimfiɗe. Halinta biyu ne. Da rani takan bushe ta tsattsage, fartanya ba ta kama ta. Da damina kuwa takan sha ruwa ta kumbura, tsagar ta rufe, ta zama taɓon da ko jaki ba ya ratsawa. Gero da gyaɗa ba sa zama a cikinta, don ruwa zai shaƙe su. Sai dai duk ruwan da ta haɗiye ba ta sakinsa da wuri. Ruwan shekara a wannan yanki bai cika wuce milimita 600 ba, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake sauka. Aikin manomin masakwa shi ne ya sa firgi ta shanye wannan ruwa tun yana sauka, ta ajiye masa shi har watan Janairu.

Saboda haka noman yakan fara ne tun da bazara, lokacin da zafin Borno ke kora kowa inuwa. Sa'ad da majalisa ke cika a ƙarƙashin darbejiya, Baba Tsoho na can cikin fili da garma yana ɗaga datsi, wato 'yar kunyar ƙasa da ba ta kai gwiwa ba, wadda ake kewaye gona da ita, a kuma yanka cikinta gida-gida. Ga ido filin a baje yake, amma shi ya san inda ruwa ke karkata, domin ya sha tsayawa cikin ruwan sama yana kallon inda ciyayi da ƙiraruwa ke taruwa. Nan yake ƙara wa datsi kauri. Inda shanu suka tattake bara ya gyara, inda ɓera ya huda ya toshe. Amfanin yanka gonar gida-gida shi ne kowane sashe ya riƙe rabonsa, kada ruwa ya gangare gefe guda ya bar wani gefen da ƙishi. In damina ta kankama, bayan kowane ruwa mai ƙarfi sai ya naɗe wando ya zaga, ya ga ko wani wuri ya ɓalle. Wanda ya yi barci a wannan lokaci ba ya ganin asararsa nan take. Sai a tsakiyar hunturu, in dawar maƙwabcinsa na fitar da kai tasa na naɗe ganye, sannan yake tuna ɓarakar da ya bari.

Mataki na biyu shi ne renon iri. Ba a shuka masakwa kai tsaye a firgi, dasa ta ake yi kamar albasa ko tumatir. A cikin Agusta ake samun wuri mai jigawa kusa da gida, inda ruwa ba ya kwanciya, mafi kyau tsohon makwancin dabbobi, a kafce shi, a watsa iri da kauri, a ja ƙasa a rufe sama-sama, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Abin da ya fi burge ni shi ne Baba Tsoho ba ya watsa irinsa gaba ɗaya. Yakan raba shi kashi-kashi, ya watsa wannan yau, ya dakata kamar mako guda ko kwana goma ya watsa wani. Dalilinsa a fili yake: ba wanda ya san ranar da ruwa zai janye daga gona sai Allah. Iri yakan isa dashe in ya yi wata guda zuwa kwana arba'in, tsawonsa ya kusa kamu guda, kaurinsa ya kusa na ƙaramin yatsa. In ya gaza haka rana za ta ƙone shi, in ya wuce ya yi gaɓa ba ya kamawa da kyau. Wanda ya raba renonsa, duk ranar da gona ta shirya yana da irin da ya yi daidai da ita.

Da ruwa ya fara ja a ƙarshen Satumba, filin yakan cika da doguwar ciyawa. Nan ne aikin ƙarfi yake. Maza su jeru da adduna suna sara daga tushe, a baje ciyawar ta sha rana, sannan a sa mata wuta. Ko wutar ma da iliminta. Ana share gefen gona tukuna don kada ta tsallaka ta maƙwabci, ana duba inda iska ke kaɗawa, a kunna da yamma in ta lafa. Wutar na cinye 'ya'yan ciyawa, tokar ta zauna a gona, fili ya fita tas yadda babu abin da zai yi rabon ruwa da dawar. Yau da yawa sun koma feshin magani don rage wahala, amma Baba Tsoho har ƙarfinsa ya ƙare adda ya sani.

Sai babbar tambaya: yaushe za a fara dashe? In aka yi gaggawa, wani ruwan ƙarshe na iya saukowa ya cika ramuka ya ruɓar da iri. In aka yi jinkiri, laka ta ƙanƙame, danshi ya nutse inda saiwa ba za ta cim masa ba. Tsakanin biyun kwanaki ne ƙalilan. Na ga yadda yake yanke wannan hukunci. Yakan fita bayan sallar asuba ya taka gonar da ƙafa ba takalmi. In ƙafa ta nutse, da saura. In saman ya ɗauke shi, ya fara 'yar tsaga siririya, sai ya tsuguna ya tona da yatsu, ya ciro laka ya mulmula ta a tafin hannu. In ta dunƙule ba ta manne masa ba, sai ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya shaƙi iska, ya ji ko ta fara bushewa. Daga nan ya dawo gida ya ce wa kakarmu, "Hajja, a tashi yara da wuri gobe, ƙasa ta ba da izini." Kuma ba daga ko'ina ake farawa ba. Inda ya fara tsanewa ake bi, ana bin ruwan a baya yana ja, har a ƙare a mafi kwarin wuri.

Daren dashe, ko da sassafe, ake tumɓuke iri. Mata da yara su zauna a inuwa, a kama shi dami-dami ƙanana, a daidaita gindin, a sa wuƙa a datse kan ganyen, a rage tsawon saiwa. Mai kallo zai ce ɓarna ake yi. Hikimar ita ce ganye ta nan ruwa ke fita daga jikin tsiro, kuma irin da aka raba da ƙasarsa ba shi da bakin shan wani sai ya yi sabuwar saiwa. A rage masa ganye, a rage masa asara. Daga nan a tsoma gindin cikin ruwa, a lulluɓe da ɗanyar ciyawa, a ɗora a jaki.

Kayan aikin dashe guda ne, kuma ba shi da ado: wani gungumen sanda mai nauyi, tsayinsa ya kai kafaɗar mutum, an fiƙe bakinsa, wasu kan sa maƙeri ya yi masa hular ƙarfe. Na Baba Tsoho ya yi sulɓi a daidai inda hannuwansa ke kamawa. Yakan tsaya ƙafafu a ware, ya ɗaga shi da hannu biyu, ya sake shi da nauyinsa ya faɗa cikin laka, ya ƙara sau ɗaya ko biyu a rami guda, ya ɗan juya shi don bakin ya buɗe, ya zare, ya yi taki ɗaya mai faɗi, ya sake ɗagawa. Ba ya dukan ƙasa da ƙarfin damtse. Ya ce mai yin haka kafin hantsi ya gaji, a bar icen ya yi aikinsa, kai dai ka nuna masa wuri. Zurfin ramin kamar rabin kamu ne, don saiwa ta sauka kai tsaye inda danshi yake. Tazarar kuwa taki guda ce ta kowane gefe, abin da ke nufin kadada ɗaya na cin rami wajen 10,000, kowanne da hannu. Na taɓa tambayarsa, "Baba, me ya sa ba za a matso da su ba a sami dawa da yawa?" Ya ce, "Ɗan nan, kowace da tulunta a ƙarƙashin ƙasa. In ka haɗa biyu a tulu ɗaya, kafin sanyi ya wuce sun shanye, duka su mutu."

A bayansa sauran gida ke biye, kowa da aikinsa. Na farko na ɗauke da bokiti ko tulu da ɗan gwangwani, yana zuba ruwa kamar cikin moɗa a kowane rami. Wannan ruwan daga kududdufin da damina ta bari ake ɗebo shi, wani lokaci daga nesa, kuma shi ne na farko shi ne na ƙarshe da hannun mutum zai ba wannan dawa. Na biyu ya saka iri biyu a ramin, ya tabbatar gindin ya taɓa ƙasa cikin ruwan, don in ɗaya ya ƙi ɗaya ya kama. Ramin kuma ba a cike shi. Barinsa ake yi a buɗe, bangonsa ya kare ɗanyen tsiron daga iska da rana, gefensa na marmashewa a hankali yana rufe saiwar da kansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa dashe lokacin gayya ne. Yau a gonar wannan, gobe a ta wancan, a kawo burabusko da kunu a ci a bakin gona. Baba Tsoho ba ya fara tasa sai an sa ranar gonar wata gwauruwa maƙwabciyarsa da 'ya'yanta ke ƙanana.

Kwanakin farko gonar ba ta da kyan gani. Irin yakan kwanta ya yi yaushi kamar ya mutu. Shi kuwa ba ya damuwa, zagayawa yake yana duba tsakiyar kowane tsiro. In ƙwayar cikin koriya ce, ya kama. Inda ya bushe sai ya cike gurbin da ragowar reno. Bayan haka sai a yi noma sama-sama, a cire ciyawar da ta tsira, a farfasa ɓawon ƙasa ya zube cikin tsaga, domin kowace tsaga ƙofa ce da danshi ke gudu ta cikinta. Daga nan dawar ce da Ubangijinta. Laka na bushewa daga sama, saiwa na bin danshi ƙasa. Sanyin hunturu, wanda ke hana wasu amfanin gona sakewa, ita taimakonta yake yi, don yana rage mata ƙishi. Ƙuduji ma, da ke addabar dawar damina a jigawa, bai cika samun wurin zama a firgi ba.

Abokin gaba na ƙarshe daga sama yake zuwa. In dawa ta yi ciki ta fitar da kai, ta yi bununi, ƙwaya ta fara madara, a duk faɗin dajin babu wani abinci ɗanye sai ita. Jan-baki kan taso garke guda kamar hadari, in suka sauka a gona na ɗan lokaci sai ƙaiƙayi. Akan kafa rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, a ja igiyoyi zuwa kusurwoyi, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Yara su hau tun kafin fitowar rana da majajjawa da curin laka, suna ja suna ihu har faɗuwarta. Baba Tsoho ya san tsuntsu da safe da la'asar ya fi ɓarna, don haka a waɗannan lokuta shi da kansa yake tsayawa, da tsakar rana ya bar yara su huta.

A Janairu zuwa Fabrairu ake girbi. Kafin kowa ya sa wuƙa, shi yake fara shiga shi kaɗai ya zaɓi iri. Ba girman zangarniya kawai yake dubawa ba. Yana neman wadda ta cika ta matse, karanta bai kwanta ba, tsutsa ba ta huda shi ba, ta kuma nuna tare da 'yan'uwanta. Waɗannan ya ɗaure su daban ya rataye a ɗakin girki inda hayaƙi zai kore ƙwari. Sauran a sare, a yanke kai, a tara a masussuka, a buga, mata su sheƙe. Tun a nan yake fitar da zakka, ɗaya cikin goma, kafin mudu ɗaya ya shiga gida. Karan kuwa na shanun Shuwa ne, waɗanda a wannan lokaci ciyawa ta yanke musu, su kuma su bar masa taki da nono. Ajiyarsa a ƙasa take, yadda mutanen Borno suka saba: a haƙa rami a wuri mai tauri da tudu, a shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙasa da gefe, a zuba hatsi, a rufe da ƙaiƙayi da tabarma, a bi da ƙasa. Hatsi kan shekara a ciki lafiya.

Da wannan tsari gidansa ke girbi biyu a shekara, gero da wake daga jigawa da kaka, masakwa daga firgi a ƙarshen sanyi. In ɗaya ta ƙi, ɗaya ta rufa asiri. Daga ramin nan aka aurar da 'ya'yansa mata, mahaifiyata a ciki, daga nan aka sayi allo da littafi, daga nan ake auna wa baƙo da almajiri. A farin 1973 da na 1984 firgi ma ba ta ƙoshi ba, sai mafi kwarin gonar ya dasa, ya buɗe tsohuwar ajiya, aka ci da awo har Allah ya kawo sauƙi. A tsakanin waɗannan shekaru ne Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1973 da hedikwata a Maiduguri, ta gina babban aikin ban ruwa a yankin Marte, da magudana da manyan injuna don noman alkama da shinkafa a kan wannan laka. Tafkin da ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ja baya ya bar bakin magudanar a bushe. Mai datsi da sandan dashe kuwa, da ruwan sama ya ɗan dawo, ya koma gonarsa.

Abin da fari bai yi ba, rashin tsaro ya yi. A 2014 mutanen Dikwa, Marte, Mafa da Ngala suka kwararo Maiduguri, Baba Tsoho na cikinsu, ya bar ramukan hatsinsa a rufe. Kisan manoman shinkafa a Koshebe kusa da Zabarmari ranar 28 ga Nuwamba 2020 ya nuna wa duniya abin da fita gona ya zama a wannan yanki. A birni ya ƙarasa kwanakinsa, a gidan ɗansa, kuma ko a nan bai iya zama hannu rabbana ba. Ya kafce bayan ɗaki ya shuka kuɓewa da yakuwa, yana gyara wa maƙwabta ƙotar fartanya, duk jikan da ya zauna kusa da shi kuma sai ya koya masa yadda ake gane laka ta isa dashe.

Yanzu mutanen wasu garuruwan sun fara komawa, amma akwai samarin da suka girma a sansani, ba su taɓa ɗaga datsi ko riƙe sandan dashe ba. Irin da dattawa suka yi shekaru suna zaɓa ma wani ya salwanta a gudun hijira. Maiduguri na da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da Jami'ar Maiduguri, dukansu tun 1975, kuma aikin tattara irin masakwa da rubuta yadda ake nomanta ya dace da su. Amma kafin su, mu ne. Duk wanda ke da dattijon da ya san firgi a gidansa, a Muna ko Gwange ko Bolori, ya zauna da shi tun yana da rai, ya tambaye shi, ya naɗi muryarsa a waya, in hanya ta yi kyau ya bi shi gona ya karɓi sandan daga hannunsa.